Albasar Kwaɗi a Tukunya: Tsarabar da Ta Biyo Mu Daga Zangwetin



Wanda ya sauka a filin jirgin saman Wagadugu, ya hau titin Kwame Nkuruma ya nufi wajen babban masallaci da kasuwar Rud-Woko, to ya gifta ƙasar da a dā ake kira Zangwetin, ko da yake idonsa ba zai gaya masa haka ba. Abin da zai gani shi ne benaye masu gilasai, da masaukan baƙi, da bankuna, sa'an nan a bayansu wasu gine-ginen da aka soma ba a ƙarasa ba, da filayen da ciyawa take rufewa da damina, ta bushe ta koma ƙura da rani. Sunan kuwa daga bakin Mosawa ya fito. Suna kiran Bahaushe Zangwega, don haka Zangwetin na nufin mazaunin Hausawa, wato zango ke nan kamar yadda ake da shi a Kumasi da Lome da Akara. Kakanninmu fatake ne da almajirai. Daga Kano da Katsina da Sakkwato da Gobir suka taso, suna bin hanyoyin goro zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, da kanwa da tufafi da fatu a bisa jakai. Wasu suka yada zango a ƙasar Moro Naba, suka ga wurin ya karɓe su, suka yi aure, suka gina zaure. Bayan Faransawa sun ci garin a 1896, masu zuwa suka ƙaru: mahauta, da wanzamai, da dukawa, da maɗinka, da malamai.

Mu da muke rubuta wannan, ƙuruciyarmu kaɗai muka yi a unguwar, amma ba mu manta kamanninta ba. Lunguna ne matsattsu, katangun laka, magudanan ruwa a fili, hayaƙin tsire da magariba, da muryoyin almajirai suna biya allo. Ba za mu yi wa matasa ƙarya mu ce aljanna ce ba. Akwai cunkoso, akwai sauro, damina kuma takan kayar da ɗakuna. Sai dai unguwa ce da in yaro ya ɓata a wannan ƙarshe, kafin la'asar an mayar da shi gidansu daga wancan ƙarshe, domin kowa ya san ɗan wane ne.

A farkon shekarun 2000 gwamnati ta fito da shirin da aka sani da ZAKA, na mayar da tsakiyar birni wurin kasuwanci da ofisoshi. Shirin ya haɗa da Zangwetin da maƙwabtanta irin su Kuluba da Tiyedpalogo da unguwar Fulani. An yi ta muhawara, an yi tarurruka, dattawa sun yi iyakar ƙoƙarinsu, daga bisani aka biya diyya, aka rushe unguwannin a 2003, shekarar da gobara ta cinye kasuwar Rud-Woko. Sama da mutum 12,000 suka tashi. Aka ba wasu filaye a gefen Waga 2000 ta kudu, wasu a Niyoko ta gabas, wasu kuma suka bazu cikin gari inda ƙarfinsu ya kai. Wannan labari an sha ba da shi, kuma waɗanda suka fi mu shekaru sun fi mu saninsa. Abin da muke son tsayawa a kai ƙarami ne: me mutane suka ɗauka a amalanke ran da suka tashi?

An ɗauki ƙofofi da tagogi da kwanon rufi. An ɗauki littattafai da alluna, da turmi da taɓarya, da randuna. Abin da bai ɗauku ba shi ne itatuwa. Darbejiyar ƙofar gida, da mangwaron tsakar gida, da itacen lallen da ke bakin wurin alwala, duk nan aka bar su. Amma akwai shuka guda da ta yarda a tafi da ita, domin ranta yana dunƙule a ƙarƙashin ƙasa, cikin wani kai mai kama da albasa. A gidanmu Gwaggo ce, yayar mahaifinmu, ta sa aka tona mata kawuna uku daga gindin randa, ta naɗe su a tsumma ta jefa cikin ƙwarya. Maza suka yi mata dariya, ana fama da katako ita tana fama da ciyawa. Yau shekara ashirin da 'yan kai, ƙofofin nan gara ta ci wasu, kwanon ya yi tsatsa an sauya shi, jikokin kawunan nan uku kuwa suna cikin tukwane a gidaje bakwai na danginmu. Da ƙarfin Gwaggo ya ragu, kula da na gidanmu ya faɗo a kanmu, mu da ba mu taɓa shuka ko da yakuwa ba. Abin da muka koya daga bakinta da bakin masu sana'ar ne muke son mu raba da masu farawa irinmu.

Farko dai sai a san me ake riƙe da shi, domin a nan garin duk furen da ya fito daga kai mai kama da albasa, masu sayarwa «lis» suke ce masa da Faransanci, alhali ba iri ɗaya ba ne. Tamu ita ce wadda Hausawa suka sani da albasar kwaɗi, masana tsirrai kuma suke kira Kirinum. 'Yar ƙasa ce, tana fitowa da kanta a fadamu da bakin tafkuna daga nan har ƙasar Hausa. Ganyenta dogo ne kamar ɗamara, kanta yakan kai girman dunƙulen hannu ko ya fi, furenta fari ne da jan zane a tsakiyar kowane kunne. Akwai kuma baƙi da suka zo daga nahiyar Amurka suka zauna daram kamar a nan aka haife su. Ɗaya ita ce mai jan fure kamar bakin kakaki, wadda ake kira amarilis. Ɗaya 'yar ƙarama ce mai ganye siriri, mai fure ruwan hoda ko fari ko rawaya, wadda takan buɗe kwana kaɗan bayan an yi ruwan sama. Sai mai farin fure da dogayen ƙafafu kamar gizo-gizo. Duk waɗannan dangin juna ne, kuma kusan kulawa ɗaya suke so. Bado da muke gani a kan ruwa ba ya cikinsu, haka nan gatarin kurege mai nannaɗe daji da damina.

Ainihin lis na Turai, wanda ake gani a hotuna da shagunan furanni, wani abu ne daban. Ɗan ƙasashen sanyi ne, Holand ce kan gaba wajen nomansa da sayar da shi ga duniya, kansa ɓawo-ɓawo ne marar riga, kuma yawancin ire-irensa sai sun sha sanyi na makonni kafin su sāke fure. A garin da zafi yake wuce awo 40 a watan Afrilu, wanda ya saye shi zai ga fure sau ɗaya, daga nan ya yi sallama da kuɗinsa. Ra'ayinmu shi ne mai farawa ya bar shi, ya kama 'yar gida.

Wanda ba shi da Gwaggon da za ta ba shi kai, sai ya nufi arewacin gari. A bakin madatsun ruwan nan uku, ta wajen Tangin da kewayen dajin Bangr-Weogo, masu rainon tsirrai sun jera kayansu a gefen hanya, cikin baƙaƙen ledoji da tukwanen yumɓu da na siminti. Tafiya ce da ta cancanci a yi ta da sassafe, ko da ba sayayya za a yi ba. Iskar wurin ta fi ta cikin gari sanyi, ga masu lambu suna jan ruwa suna ban-ruwan latas da kabeji, ga masu kamun kifi a cikin kwale-kwale, ga kuma wannan baƙuwar ciyawa mai shuɗin fure da takan mamaye fuskar ruwan har ta hana shi numfashi. Dajin kansa tsohon daji ne na sarakunan Mosi, Turawa suka killace shi, a 2001 aka ba shi sunan da yake amsawa yanzu, wanda ke nufin dajin ilimi. A nan muka sami wani dattijo Bamoshe mai jin Hausa, wanda ya ce a bakin mahautan Zangwetin ya koye ta. Muka ce, «Baba, wace tukunya ta dace da wannan?» Ya ɗauki wata mai ƙyalli ya kifa ta, ya nuna mana gindinta a toshe, ya ce, «Ɗan malam, wannan ta ajiye kuɗi ce, ba ta shuka ba.»

Maganarsa ita ce rabin ilimin. Tukunya dole ta kasance da huda a gindi. Abin da ya fi kashe waɗannan shuke-shuke a hannun masu farawa ba ƙishirwa ba ce, ruwa ne da ya kwanta ya ruɓar da kan. Tukunyar yumɓu ta fi ta roba nesa ba kusa ba, domin tana zufa kamar randa, tana sanyaya saiwa, alhali baƙar roba in rana ta buge ta dafa saiwar take yi. Tsohuwar randa da ta tsage, wadda ba ta riƙe ruwan sha kuma, ita ce mafi kyau, kuma babu gidan Bahaushe da za a rasa ta. Albasar kwaɗi tana da saiwoyi masu kauri, tana son zurfin da ya kai santimita 40. 'Yar ƙaramar nan mai bin ruwan sama kuwa, kasko ma ya ishe ta, a jera kawuna goma a ciki.

Sai ƙasa. Jar ƙasar Wagadugu in ta sha ruwa ta bushe takan daskare kamar tubali, saiwa ba ta ratsa ta. Ana haɗa kashi ɗaya na ƙasa, da kashi ɗaya na yashi mai tsakuwa, da kashi ɗaya na takin shanu ko na tumaki wanda ya shekara ya rududduge ya daina wari. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A sa 'yan katanga, wato fasassun tukwane, a kan hudar don kada ƙasa ta toshe ta. Wajen dasawa, ba a binne kan duka. Wuyan albasar kwaɗi a waje yake zama, amarilis kuma ana barin kashi ɗaya cikin uku na kanta a sarari. A ɗora tukunyar a kan duwatsu ko bulo, ruwa ya sami hanyar fita, gara kuma ta rasa hanyar shiga.

Wurin ajiyewa shi ne inda hantsi yake samu, inuwa ta rufe daga azahar. A tsofaffin gidajenmu wannan ba ya bukatar tunani, domin akwai itace a tsakar gida. A sababbin unguwanni kuwa, inda aka yi wa tsakar gida daɓen siminti, aka ta da katangar bulo, zafin da yake tashi daga ƙasa da bango ya isa ya ƙona ganye ko da an ba shi ruwa. Gindin katangar yamma, wadda take tare ranar la'asar, ya fi ko'ina.

Batun ruwa ne ya fi tsawo, kuma a nan ne Gwaggo ta fi tsanani. Shekararmu kashi uku ce, ita ma shukar ta san haka. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ba a ba ta komai, sai dai a lura kada tukunya ta zauna cikin kwatami. Wanda ya ga ruwan ranar 1 ga Satumba 2009, lokacin da sama da milimita 260 suka zuba a garin nan cikin yini guda, ya san abin da tsakar gida take iya zama. Da hunturu shukar hutawa take yi. Ganye yakan yi rawaya, ya kwanta, wani lokaci ya bushe ƙurmus, mai farawa ya ɗauka ta mutu, ya yi ta kwarara mata ruwa, ko ya juye tukunyar a bola. Ba ta mutu ba, barci take, kamar yadda 'yan'uwanta na fadama suke kwana a ƙarƙashin busasshiyar laka har wata shida. A rage ruwa ƙwarai, sau ɗaya a mako ko ƙasa da haka. Wannan hutun ne yake sa ta yi fure daga baya, kuma wadda aka hana ta shi takan ba da ganye kore shar, fure kuwa babu. Da bazara, in sabon ganye ya leƙo, sai a koma ba ta ruwa da asuba ko bayan la'asar. Ma'aunin kuwa ɗan yatsa ne: a tura shi cikin ƙasa har gaɓa biyu, in an ji danshi a bari sai gobe.

Wani zai ce, a garin da bazara take sa mata bin layin famfo da jarkoki, ina ruwan da za a ba fure? Tambaya ce mai kyau. Ko da madatsar Ziga da ke kan kogin Nakambe ta soma shayar da birnin a 2004, garin ya ci gaba da faɗaɗa, kuma unguwannin gefe sun san abin da ake ciki a watan Afrilu. Amsar tana cikin tsarin tsofaffin gidajen zango. Ba don ado aka dasa lalle da na'ana'a a bakin wurin alwala ba. Gida mai mutum goma, kowa yana alwala sau biyar, ruwan da yake zuba ya fi ƙarfin tukunya uku. A ajiye roba a ƙarƙashi a tara shi. Haka ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi. Wanda ba a so shi ne ruwan sabulu da na omo da mai gishiri ko maiƙo, domin a tukunya ba su da inda za su tafi, taruwa suke yi har ƙasar ta mutu.

Akwai gargaɗi biyu da muke roƙon iyaye mata su riƙe, don sun fi furen kansa muhimmanci. Na farko, sunan albasa kawai ta ara. Kanta da ganyenta suna da guba, haka na amarilis da sauran danginsu, kuma wanda ya ci zai yi amai da gudawa da ciwon ciki, abin kuma ya fi tsanani ga ƙaramin yaro. Kada a taɓa ajiye kan da aka tono a madafa, ko kusa da kwandon albasa, inda 'yar aike za ta iya yanka shi a miya. In yaro ya ci, a kai shi asibiti nan take, a tafi da ragowar abin da ya ci. Mun san masu maganin gargajiya suna amfani da ita, amma wannan ba dalili ba ne na gwaji a gida. Ainihin lis na Turai kuma, ga masu kyanwa, ko ɗan ganyensa ko garin furensa yana iya lalata mata ƙoda. Na biyu, farantin da wasu suke sawa a ƙarƙashin tukunya don kada ruwa ya ɓata daɓe. Ruwan da ya kwana a ciki shi ne gidan sauron nan mai zanen fari da baƙi, mai cizo da rana, mai kawo zazzaɓin dengi. A 2023 wannan ciwo ya kashe ɗaruruwan mutane a ƙasar nan, mafi yawa a Wagadugu da Bobo, kuma da wuya a sami unguwar da ba ta yi zaman makoki ba. Sauron yana iya kammala girmansa cikin kamar mako guda a ruwan da bai cika kofi ba. A cire farantin, ko a cika shi da yashi.

Abokan gābar shukar ba su da yawa. Akuya tana gaba, maganinta ƙofa. Sai fara, sai wata tsutsa baƙa mai ɗigon fari da rawaya, wadda take shiga cikin ganye ta bi shi har ta kai ga kan ta rarake shi. In an ga ganye ya yi kamar an shafe cikinsa ya zama leda, a yanke shi a ƙona, a tsince tsutsotsin da hannu. Ruwan da aka jiƙa dakakken 'ya'yan darbejiya a ciki, aka tace aka yayyafa da yamma, yana rage su. Ƙurar hunturu kuma a riƙa share ta daga ganye da jiƙaƙƙen tsumma.

Sa'an nan sai haƙuri, domin albasar kwaɗi ba ta son a dame ta. Wadda aka dasa bana tana iya ƙin fure sai baɗi, ko ma shekarar da ke biye. Ta fi yin fure in ta cika tukunyar ta matsu, saboda haka ba a sauya mata gida kowace shekara. Amma in lokacinta ya yi, wajen Mayu ko Yuni, bayan ruwan farko, sai a wayi gari a ga wani kara mai kauri ya fito daga gefen wuyanta. Cikin 'yan kwanaki ya yi tsawo, kansa ya tsage, furanni su sunkuyo. Da yamma suke buɗewa, wajen magariba, lokacin ne kuma ƙanshinsu yake tashi, domin baƙin da suke jira wasu manyan malam-buɗe-littafi ne na dare masu dogon baki. Kowane fure kwana biyu ko uku yake yi. In sun yanƙwane a yanke karan, amma kada a taɓa ganyen, shi ne yake tara wa kan abincin furen baɗi.

Bayan shekara uku ko huɗu za a ga 'ya'ya sun kewaye uwar. A ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka, ake juye tukunyar a hankali, a ɓanɓare su da saiwarsu, a bar su su sha iska a inuwa yini guda, a shafa toka a inda ya yi rauni, sa'an nan a dasa. Bana mun sami tara daga tukunya biyu. Muka kai wa Gwaggo a faranti ta gani, ta jujjuya su ɗaya bayan ɗaya, ta ware biyu masu laushi ta ce a zubar. Sauran bakwai ta raba su da bakinta: biyu gidan ƙanwarmu a Niyoko, ɗaya ga maƙwabciyarmu Bamosa da ta daɗe tana roƙo, ɗaya a kai harabar masallacin unguwa kusa da wurin alwala. Uku da suka rage ta ce a ajiye wa duk wanda ya zo ya faɗi sunan lungun da gidansu yake a Zangwetin. An riga an karɓi ɗaya.